Gashina na zuba, ɗana kuma na kwana da wayata

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, shekarata 36, 'ya'yana huɗu: Abba mai 14, ƙanwarsa mai 11, wani mai 4, sai goyon wata biyar. Wata biyu ke nan gashina na zuba, in na taje kai sai mataji ya cika. Gaban goshina kuwa dama ya daɗe yana cinyewa, har kunyar cire ɗankwali nake a gaban maigida. Abba ya nuna mini wata mai sayar da man gashi a Instagram, ta ce cikin sati biyu zai fito, kwalba naira dubu 25. Maigida kuma yana shan wata ƙwayar sanƙo, finasterayid, ya ce in gwada. Garin neman shafin matar ne na gano Abba na ɗaukar wayata in na yi barci. Na ga manhajar cacar ƙwallo, na ga ana cire 500, ana cire 1,000 daga asusuna, na kuma ga hirarsa da wata yarinya da ban sani ba tana cewa ya turo hotonsa. Babansa a mayankar Oko-Oba yake sana'a, tun kafin asuba yake fita, in ya ji zai yi masa dukan kawo wuƙa. Wani mai gyaran waya ya ce zai sa mini abin da zan riƙa karanta saƙonnin yaron bai sani ba. Ki ba ni shawara.

Maman Abba, Agege

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya goyo, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kin sa gashi a gaba kin bar Abba a ƙarshen wasiƙa, ni kuwa da shi zan fara, don gashin zai iya jiran wata guda, hirar nan ko kwana biyu ban so ta ƙara ba. Kafin nan dai, ƙwayar maigida kada ta shiga bakinki. Dalili na nan tafe.

Wataƙila yarinya ce da gaske, 'yar ajinsu ko 'yar Islamiyyarsu. Amma akwai wata damfara da ta yi ƙamari, kuma daidai haka take farawa. A buɗe shafi da hoton kyakkyawar budurwa, a yi ta zuga yaro kwana biyu, a ce masa a koma WhatsApp ko Snapchat, a turo masa hoton tsiraici a ce nata ne, shi ma ya turo nasa. Yana turawa magana ta juya: ga sunayen 'yan'uwanka da abokan makarantarku, ko ka biya ko su gani. Yara maza sa'annin Abba aka fi farauta. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya kan wannan harka. A shekarar ne kuma wata kotu a Amurka ta yanke wa wasu 'yan'uwa biyu daga nan Legas ɗaurin shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa a daren da suka ritsa shi. Mutanenmu na ɗauka 'ya'yan Turawa kaɗai suke bi saboda dala. Wanda ya koyi wannan sana'a ba ya raina naira.

Duk ƙarfin ɗan damfarar nan a wuri ɗaya yake, tsoron da yaro ke yi kada a ji a gida. Shi ya sa dukan da kika ambata ya fi cacar tayar mini da hankali. Yaron da ya tabbata za a fasa masa jiki ba zai zo ya ce Umma ga abin da na faɗa ciki ba. Zai ci gaba da satar kuɗinki yana biya, har ranar da ya rasa na biya.

Ki same shi lokacin da ƙannensa ke Islamiyya, ku biyu kawai. Kada ki yi masa tarko da tambayar da kin riga kin san amsarta, ki faɗa masa abin da kika gani kai tsaye. Sannan ki tambaye shi, ya san yarinyar ido da ido? Ya tura wani hoto? In bai tura ba, ku toshe ta tare, ki bayyana masa yadda abin ke tafiya kamar yadda na bayyana miki. In ya tura, ki danne zuciyarki, kuka da faɗa su jira. Ko sisi kada a biya, biyan farko shi ke buɗe ƙofar na biyu. Kada a goge hirar sai an ɗauki hotonta da sunan shafin da lambar da aka ce a tura kuɗi, sannan a kai ƙarar shafin a cikin manhajar, a toshe. Akwai wani shafi na kyauta mai suna Take It Down da ke taimaka wa 'yan ƙasa da shekara 18 a hana yaɗa irin wannan hoto a Facebook da Instagram da TikTok, ba tare da an tura musu hoton kansa ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta neman hoton tsiraicin yaro, kuma rundunar 'yan sanda na da sashe na musamman na irin waɗannan laifuka. Laifin na wancan ne, ki tabbata Abba ya ji haka daga bakinki.

Babansa dole ya sani. Ban yarda da ɓoye wa uba irin wannan ba, ranar da ya gano ke ma kin shiga ciki. Amma ki zaɓi lokaci, ba yana shigowa da gajiyar mayanka ba. Ki fara da labarin damfarar kafin labarin kuɗin, don ya ga ɗansa a matsayin wanda ake farauta kafin ya gan shi a matsayin mai laifi. In kin san ba zai iya riƙe hannunsa ba, ki sa kawun yaron ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya zauna. Kuɗin kuwa sata ce, a kira ta da sunanta, a lissafa, ya biya. Ranakun Asabar ya bi babansa Oko-Oba ya yi aiki har su cika. Yaron da ya wuni a tsaye kafin ya sami 1,000 zai yi tunani kafin ya zuba ta a wasan da ke ƙarewa cikin minti uku.

Caca a doka sai ɗan shekara 18, ke nan akwai yiwuwar da sunanki da lambarki aka buɗe asusun. Ki rufe shi, ki canza lambar sirrin banki, har da wadda ake cire kuɗi da ita ba tare da data ba, ki cire katin da aka ajiye a wayar. Ki kuma ja masa kunne kan abu ɗaya da ya zama ruwan dare a garin nan: aboki ya ce ara mini asusun mamanka a turo mini kuɗi, zan ba ka wani abu. In kuɗin damfara ne, mai asusun EFCC za ta nema.

Mai gyaran wayar nan ki gode masa, ki riƙe wayarki. Kin manta wayar taki ce? Abin da zai karanta saƙonnin Abba zai karanta naki, har da lambobin da banki ke turo miki, kuma duk abin da ya kwasa yana bi ta na'urorin wani kamfani da ba ki san inda yake ba. An sha yi wa irin waɗannan kamfanoni kutse a watsa bayanan mutane a intanet. Ga shi kuma yaron da ya nemo miki mai man gashi ya fi ki sanin lungunan wayar. Sati ba zai yi ba zai gane, ya yi shiru, ya koma wayar abokinsa, inda idonki ba ya kaiwa. Kin yi asarar yardarsa, kuma ba ki ga komai ba.

Sa ido haƙƙinki ne, har ma wajibinki ne, amma ki yi shi a fili. Ki ce masa: zan riƙa duba wayar nan a gabanka, duk lokacin da na ga dama, kuma ba zan karanta wa kowa sirrinka ba. Mafi girman gyara ma ba na manhaja ba ne. Kamfanonin waya na sayar da datar dare da araha, daga tsakar dare zuwa asuba, kuma a wannan tsakanin ake yawancin ɓarnar. Ki canza makullin wayar, ta kwana a ƙarƙashin matashinki, caji a yi shi a ɗakinki. Da rana ya yi amfani da ita a falo, inda ake wucewa. In daga baya kun ga ya dace ya sami tasa saboda aikin makaranta, a ɗora mata Family Link na Google, kyauta ne. Daga wayarki za ki sa awannin da zai yi a rana, da lokacin da za ta kulle da dare, kuma ba zai sauke sabuwar manhaja ba sai kin amince. Ba ya nuna miki abin da aka rubuta a WhatsApp, kuma yaro mai shekarun Abba da saninsa ake haɗa shi. Ni a wurina wannan ba aibu ba ne. TikTok da Instagram ma kowanne na da wurin haɗa shafin iyaye da na yaro. Dukansu shekara 13 suka sa mafi ƙaranci, don haka ƙanwarsa ba ta kai ba, kada a ƙara mata shekaru a buɗe mata. Mai shekara 4 kuma, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada kallonsa ya wuce awa 1 a rana, jinjiri kuwa babu sam. Na san da goyo a hannu da tukunya a wuta, katun ne mai reno mafi sauƙin samu. A dai riƙa kallon agogo.

To, gashi. Ƙanwata, matsala biyu kika haɗa kika kira su ɗaya, kuma mai Instagram ba ta da maganin ko ɗaya.

Wanda ke cika mataji na haihuwa ne. Kan mutum na ɗauke da gashi kusan 100,000, kuma kullum 50 zuwa 100 na faɗuwa ba a lura. Lokacin ciki, sinadaran jiki na riƙe waɗanda ya kamata su faɗi, shi ya sa mai ciki ke ganin gashinta ya cika. Bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai su sauko gaba ɗaya. Lissafa naki ki gani, daidai ya faɗa. Saiwar lafiya lau take, kuma yawancin mata kafin yaro ya cika shekara kan ya dawo da kansa. Nan ne sa'ar masu man take. Mai jego ta saya a wata na biyar, gashi ya dawo a wata na tara kamar yadda dama zai dawo, ita kuma ta ɗauki bidiyo tana yi wa mai shaida. Batun sati biyu kuwa, gashi bai wuce santimita 1 yake tsiro a wata ba. Ki auna rabin wannan a farcenki.

Abin da ya kamata ki kashe wa kuɗi shi ne gwajin jini. Haihuwa huɗu da shayarwa na cinye sinadarin ƙarfen jikin mace, kuma ƙarancinsa na ja wa zubar ta daɗe. A duba yawan jininki da ajiyar ƙarfen, a duba tayirod, ƙululun nan na maƙogwaro, don yakan rikice wa wasu mata bayan haihuwa, musamman in kina jin kasala fiye da ƙima ko bugun zuciya ko rama ba dalili. Ke da maigidanki ke mayanka, hanta da jan nama ba za su yi miki wuya ba. Ki haɗa da wake da ƙwai da zogale, ki daina kora abinci da shayi nan take, yana hana jiki ɗaukar ƙarfen, a bar awa ɗaya ko biyu tsakani. Ƙwayoyin bayotin da ake talla ba su da wani amfani ga wadda ba ta rasa shi ba, sai ma su birkita sakamakon gwajin tayirod. In kina sha, ki faɗa wa likita.

Gaban goshi labarinsa daban, kuma shi ne wanda ke buƙatar ki motsa. Wannan ja ne. Shekara da shekaru na kitso mai tsauri, ƙananan nan da ake kamo gashin goshi har 'yan jariran a cusa, shuku da ake ɗaurewa tam, atach mai nauyi, acuci-maza a ƙarƙashin hijabi, ribom da ke janye komai baya, ɗaurin ɗankwali a kan layi ɗaya kullum, ga rilaksa da ake sawa yau a yi kitso gobe. Mun taso ana ce mana kitson da bai yi zafi ba bai yi kyau ba. Duk kitson da ya sa kika nemi farasitamol, ko kika kasa ɗora goshi a ƙasa da daɗi wajen sujada, ko ya fito miki da ƙuraje a bakin gashi, saiwa ce ake tumɓukewa. Ki tsaya a madubi da hasken rana ki duba wurin. In akwai 'yan siraran gashi da ƙananan ramuka a fatar, saiwar na raye, kamar ciyawar rani ce da ke jiran ruwa. In fatar ta yi sumul tana sheƙi, babu rami ko ɗaya, tabo ya rufe wurin, kuma babu man da zai tsirar da gashi a kan tabo, na dubu 25 ne ko na dubu 200. Yawanci akan sami duka biyun a kai ɗaya, abin da ake ƙoƙari shi ne a ceto wanda ya rage.

Ki kuma taɓa tsakiyar kanki. Akwai wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, tana farawa daga tsakiya tana faɗaɗa, da ƙaiƙayi ko raɗaɗi ko zafi in an taɓa, ita ma tabo take bari. In kin ji haka, kada ki jira komai, sai likitan fata.

Ban raina man kaɗe da man kwakwa da zaitun da habbatus sauda ba, haka chebe da karkar da ake kawowa daga Chadi. Suna tausasa gashi, suna hana shi karyewa, shi ya sa yake tara tsawo. Aikinsu a jikin gashin yake, ba sa tayar da saiwa. Kuma a zafin Legas da gumin da ake yi a cikin hijabi, lafta mai a fatar kai da ɗaure gashi bai bushe ba amosani kawai yake ƙarawa. Wanda nake tsoro shi ne haɗin sirri, kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Ba ki san ko an zuba magani mai ƙarfi a ciki ba, ba ki san nawa ba, ga jinjiri na goga fuska a kanki. Ki nemi jerin abin da aka haɗa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Ko lambar ma rajista take nunawa, ba alkawarin tsiro ba. In mai kaya ta ce sirrin kakarta ne, ki bar mata.

Maganin shafawa da aka gwada aka tabbatar shi ne minoksidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu sha na yin gashi, a 1988 Amurka ta amince da shi a matsayin na shafawa. Mata na amfani da mai kashi 2 sau biyu a rana, ko mai kumfa na kashi 5 sau ɗaya. Sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga wani abu, a makonnin farko ma zubar kan ƙaru har mace ta tsorata ta daina. In ya gangaro fuska yana fito da gashi a kumatu. Wanda zubarsa ta gado ce kuma, ranar da ya daina shafawa abin da ya samu zai fara tafiya. Yana iya taimaka wa goshinki in saiwar na raye, amma mai shayarwa ba ta fara shi sai likita ya ce, kuma guba ne in yaro ya sha. In lokacin ya yi, a famasi mai rajista za ki saya, ba wajen masu tallar magani a cikin mota ba.

Finasterayid kuwa aikinsa hana sinadarin maza juyewa zuwa DHT, wanda shi ke ƙanƙantar da saiwar gashi a sanƙon maza. Tun 1997 ake ba maza miligiram 1 a rana. Zubar haihuwa da cinyewar kitso babu ruwansu da DHT, don haka ba abin da zai yi miki. Illa kuwa akwai, in mace ta sami ciki tana sha yana iya lalata halittar al'aurar ɗan tayi namiji, har an hana mai ciki taɓa ƙwayar da ta fashe. Ke kuma goyon wata biyar ba lallai ne ya hana wani cikin ba. Shi ma Baban Abba, in ba likita ne ya rubuta masa ba, ya je a duba shi. Kaɗan daga cikin masu sha kan sami raguwar sha'awa ko damuwa, kuma ƙwayar na rage sakamakon gwajin PSA da ake yi wa maza na ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara da kusan rabi, dole mai gwajin ya san yana sha.

Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ku, a yi gwajin jinin, ki nemi takardar zuwa wajen likitan fata. Asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ya fi kusa da Agege, akwai kuma na LUTH a Idi Araba. Likitocin fata ba su da yawa, layi na da tsawo, ki yi sammako. Ki tafi da kai a tsefe, ba mai, ki ɗauki duk abin da kika taɓa shafawa a leda. Daga yau kuma ki riƙa ɗaukar hoton goshin sau ɗaya a wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, don ido na kullum ba ya ganin canji.

Kafin ranar asibiti, ki huta da rilaksa da atach da acuci-maza aƙalla wata uku. Manyan kalaba sakwa-sakwa sun isa, a bar gashin goshi a sake ko da bai kwanta ba, ki riƙa sauya inda ɗankwali ke zama. Ki faɗa wa makitsiyarki tun kafin ta kama, in ya yi zafi tsefewa za a yi, ko da an kai rabi. Za ta ce ba zai yi kwana ba, ki ce kin ji. Ki kuma duba goshin 'yarki mai 11, don a shekarunta ake fara wannan ɓarnar, da kitson makaranta da na sallah da ake danne yarinya tana kuka. In kin ga ƙuraje a bakin gashinta, a daren nan ki tsefe mata.